Maɓallin da ba a gani: ina ya shiga, wa ya ɓoye shi?

Yau za mu tsaya ne a kan abin da ido ba ya gani a fuskar waya, wato maɓallai da rubuce-rubucen da masu ƙirƙirar manhaja suke ɓoyewa da gangan. Maganar ta shafi wanda ya fara koyon haɗa manhaja a kulob ɗin kwamfuta na makaranta, ta kuma shafi wanda ba ruwansa da haɗawa, shi dai latsawa kawai ya sani. Domin a cikin abin da aka ɓoye ɗin nan ne wani lokaci kuɗin mutum ko sirrinsa yake.

Fuskar waya ba ta wuce tafin hannu ba, amma manhaja ɗaya tana iya yin ayyuka hamsin ko fiye. Halin da mai haɗa manhaja yake ciki daidai yake da na mai tireda: tebur ƙarami, kaya da yawa. Ashana da magi da alewa suna gaba saboda su ake tambaya kullum, batir da zare da allura suna ƙarƙashin tebur sai an nema. Don haka ɓoyewa ba laifi ba ce, dole ce ma. Gwanintar tana wajen sanin abin da za a ajiye a gaba da abin da za a tura ƙasa, kuma a nan ne manyan kamfanoni da kansu suka sha yin tuntuɓe.

Ku duba alamar nan mai gajerun layuka uku a kwance da ke zama a kusurwar manhajoji da yawa, wadda Turawa suke kira hambaga saboda ta yi kama da burodi biyu da nama a tsakiya. Ta girmi yawancin masu karanta wannan shafi, wataƙila har da wasu malamansu. Wani mai zane, Norm Cox, shi ya zana ta don kwamfutar Xerox Star da ta fito a 1981. Ta daɗe ba a damu da ita ba, sai da wayoyin shafa suka zo aka rasa inda za a zuba jerin abubuwa, sannan aka tuno da ita. Kowa ya rungume ta, saboda tana share fuskar waya tsaf, a tattara komai a jefa bayanta.

Ba a jima ba matsalarta ta bayyana. Abin da mutum bai gani ba, ba ya tuna cewa yana nan. A 2013 Facebook ya sauya tsarin manhajarsa ta iPhone, ya fito da manyan sassanta ya jera su a ƙasan fuska inda babban yatsa yake kaiwa. A 2016 Spotify ma ya yi haka, ya kuma ce a gwajin da ya yi latsa abubuwan da ke jerin ya ƙaru da kashi 30 cikin 100 bayan an fito da su fili. A wannan shekarar ce kuma kamfanin binciken nan na Nielsen Norman Group ya gwada mutum 179 a shafuka shida. A waya, inda aka ɓoye jerin baki ɗaya, an yi amfani da shi a kashi 57 cikin 100 na ayyukan da aka bai wa mutanen; inda aka bar wani ɓangare a fili kuwa, kashi 86. Gani ya kori ji, in ji Hausawa, ashe a waya ma haka abin yake.

Mu a ganinmu layukan uku ba su yi laifin da za a kore su gaba ɗaya ba. Wurin ajiye kayan da ba a nema kullum ne, kamar bayanin kamfani ko sauya harshe. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne ɗalibi ya haɗa manhajar jadawalin darasi, sannan ya tura jadawalin kansa bayan layukan don kawai fuskar farko ta yi kyau a idon alƙalan gasa.

Akwai kuma ɓoyewar da ta fi wannan zurfi, wadda ko alama babu. Tun da iPhone X ta fito a 2017 ba tare da maɓallin komawa gida ba, Android 10 kuma ta biyo baya a 2019 da tsarin shafa daga gefe, abubuwa da yawa sun koma sai wanda ya sani. A WhatsApp, jan saƙo zuwa dama yana buɗe wurin ba da amsa, tura alamar makirfo sama yana kulle ta ka ci gaba da magana ba sai ka riƙe ba. Babu inda aka rubuta wannan a fuskar hira. Yawancinmu a hannun aboki muka gani. Ga matashi wannan ba komai ba ne, kwana biyu ya gama ganowa. Amma ku lura da iyayenku in sun riƙe waya, za ku ga rabin abin da manhajar take yi ba su taɓa sanin yana nan ba. Har saitin tabbatarwa mai mataki biyu, wanda lambobinsa shida suke hana ɓarawo ƙwace maka asusun WhatsApp, sai ka latsa ɗigo uku, ka shiga saiti, ka shiga sashen asusu kafin ka same shi. In ba ku kunna shi ba, ku ajiye jaridar ku kunna, za mu jira ku.

To, yanzu ga masu haɗawa. A tsarin Android na asali, duk abin da aka ɗora a fuskar manhaja, maɓalli ne ko hoto ko rubutu, yana cikin ɗayan hali uku, kuma sunayensu a rubutun umarni su ne VISIBLE da INVISIBLE da GONE. Na farko ba ya buƙatar bayani, ana ganin abu. Sauran biyun ne suke rikita masu koyo, don duk biyun ba a ganin abin, amma ba ɗaya ba ne.

Ku ɗauki benci mai cin mutum uku a aji: Audu a farko, Bala a tsakiya, Sani a ƙarshe. Idan Bala ya fita shan ruwa ya bar jakarsa a wurinsa, ba a ganinsa amma gurbinsa yana nan, Sani bai matsa ba. Wannan shi ne INVISIBLE. Idan kuwa an mayar da Bala wani aji ya kwashe kayansa, Sani zai matso kusa da Audu, gurbin ya rufe kamar ba a taɓa zama a wurin ba. Wannan shi ne GONE. Wayar ba ta ma auna masa wuri idan tana tsara fuska. Masu gina shafukan intanet suna da irin wannan bambanci a nasu harshen, haka masu amfani da Flutter; sunaye ne kawai suka sha bamban.

Wani zai ce to mene ne a ciki, tunda duk ba a gani? Bari mu ba ku misalin da zai sa ku daina ganin abin ƙarami. A ce kun haɗa fuskar tura kuɗi. A sama akwai lambar asusu, ƙarƙashinta akwai gurbin da sunan mai asusun zai fito bayan an tambayo banki, sai maɓallin “Tura”, sai na “Soke” a ƙasansa. Kun sa gurbin sunan a halin GONE har sai amsa ta iso. Mai amfani ya rubuta lamba, ya lura ya yi kuskure a lamba ɗaya, ya kai yatsa zai danna “Soke”. A daidai wannan lokaci amsar banki ta iso, sunan ya bayyana, ya ture duk abin da ke ƙasansa. “Tura” ya gangaro ya zauna inda “Soke” yake ɗazu, yatsa kuma ya riga ya taso. Google yana ba da shawarar kada wurin dannawa ya gaza ma'auni 48 a tsarin awonsa, kimanin milimita 9 ke nan, don haka layi biyu na rubutu sun isa su musanya maɓalli da ɗan'uwansa. Kuma inda intanet yake da nauyi, kamar yadda muke fama a garuruwanmu da yawa, amsa takan makara, wannan tsalle ya fi yawan faruwa. Wanda ya gwada manhajarsa a kan intanet mai gudu ba zai taɓa ganin matsalar ba. Da an bar gurbin a halin INVISIBLE tun farko, da babu abin da zai motsa.

Amma kada ku ce daga yau INVISIBLE kawai za ku riƙa sawa. Idan kuna jera sunayen ɗalibai, wasu da lambar wayar iyaye wasu babu, kuka bar wa kowa gurbin lambar, jerin zai cika da giɓi kamar bakin yaro mai famfara, ga asarar wuri a ƙaramar waya. Nan GONE ne daidai. Tambayar da za ku riƙa yi wa kanku ita ce: abin nan zai bayyana ne alhali mutum yana tsakiyar dannawa a wannan fuska? In eh, a riƙe masa gurbinsa. In kuwa tun buɗe fuskar an san ba zai zo ba, a rufe gurbin.

Akwai wata dabara ta uku da masu koyo suke yawan faɗawa cikinta, ita ce mayar da abu garai-garai kamar gilashi ta hanyar sauke kaurin launinsa zuwa sifili. Ido ba zai gan shi ba, amma a wurin wayar yana nan daram a halin VISIBLE, kuma yana karɓar dannawa. Mutum ya taɓa wurin da yake gani fili ne, sai wani aiki ya tashi. Wannan dabara ta dace da sa abu ya dushe a hankali don ado, amma idan ya gama dushewa sai a sauya masa hali na gaskiya.

Mu ɗan ratse mu yi maganar 'yan'uwanmu masu larurar gani, don ana yawan mantawa da su. Suna amfani da waya ta hanyar manhajar da ke karanta musu abin da ke fuska, TalkBack a Android, VoiceOver a iPhone. Abin da aka sa a GONE ko INVISIBLE ba a karanta musu shi, kuma hakan daidai ne. Matsalar ita ce maɓallin da kowa yake gani, mai hoton kwandon shara ko alƙalami, amma mai haɗawa bai rubuta masa bayanin abin da yake yi ba. Sai manhajar karatun ta ce maɓalli ne kawai, ba suna. Ka ɓoye masa abu ke nan ba tare da ka yi niyya ba. Rubuta bayanin ba ya cin minti ɗaya.

Wani lokaci kuma ba ɓoyewa ake buƙata ba, kashewa ce. Maɓallin ya zauna a wurinsa da launin toka, ana ganinsa amma ba ya dannuwa. Idan ɗalibi yana cike fom ɗin rajista bai sa ranar haihuwa ba, kuka ɓoye maɓallin miƙawa, zai yi ta ja sama da ƙasa yana nema, ƙarshe ya ce manhajar ta lalace. Ku bar shi a fili, ku kashe shi, ku rubuta a gefe abin da ya rage. Abin da mutum zai iya samu in ya cika wani sharaɗi, a nuna masa. Abin da ba nasa ba ne sam, kamar maɓallin shigar da maki a fuskar ɗalibi, shi ne ake ɗaukewa.

A kan wannan maɓalli na maki ne za mu ja kunnenku sosai. Ɓoye shi daga idon ɗalibi labule ne kuka saka, ba ƙofa kuka kulle ba. Manhajar da ke cikin waya tana hannun mai wayar. Wanda ya ɗan san kan abin zai iya kwance ta ya karanta abin da ke ciki, ko ya aika wa babbar kwamfutar makaranta, wadda ake kira saba, irin saƙon da maɓallin zai aika, ba tare da ya taɓa maɓallin ba. Idan sabar ba ta tsaya ta tambaya “wane ne wannan, malami ne?” ba, za ta karɓi makin ta rubuta. Haka idan kuka turo sakamakon dukan aji cikin wayar kowane ɗalibi, sannan kuka ɓoye na sauran kuka nuna masa nasa, to kun riga kun ba shi na kowa.

Kada ku ɗauka yara ne kaɗai suke wannan kuskure. A watan Oktoban 2021 wani ɗan jarida na St. Louis Post-Dispatch a jihar Mizuri ta Amurka ya gano cewa shafin ma'aikatar ilimi ta jihar yana turo lambobin shaidar sirri na malamai a cikin rubutun da ke bayan shafin. Ba a ganinsu a fuska, amma duk wanda ya buɗe tushen shafin zai iya kaiwa gare su, kuma malamai da ma'aikata fiye da 100,000 abin ya shafa. Jaridar ta sanar da hukuma, ta jira aka rufe ɓarakar kafin ta buga labarin. Duk da haka gwamnan jihar, Mike Parson, ya kira abin kutse ya nemi a gurfanar da ɗan jaridar. A watan Fabrairun 2022 mai gabatar da ƙara ya ce ba zai tuhume shi ba. Shafin intanet ne ba manhajar waya ba, amma ciwon iri ɗaya ne. Alamar idon nan da manhajojin banki suke sawa kusa da kuɗinka, wadda in ka danna sai lambobin su koma taurari, ita ma labule ce. Tana da amfani a cikin a-daidaita-sahu ko layin mai POS inda na kusa da kai yake leƙe, amma ba ta hana wanda ya karɓi wayar a buɗe danna idon ya gani.

Duk abin da muka faɗa zuwa nan, ɓoyewa ce da kyakkyawar niyya, ko da an yi kuskure. Akwai wadda ake yi da gangan don a cuci mai waya. A 2010 wani masanin tsara manhaja ɗan Birtaniya, Harry Brignull, ya laƙaba wa irin waɗannan dabaru sunan da za mu iya fassarawa da baƙin tsari. Kun san su ko ba ku san sunan ba: talla ta rufe fuska, alamar rufewa ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero, ko ba za ta fito ba sai bayan daƙiƙa biyar, maɓallin “Na yarda” ƙato mai launi, na “A'a” kuwa rubutu ne siriri mai launin toka a can ƙasa, shiga rajistar biyan kuɗi duk wata dannawa ɗaya, fita kuwa sai ka yi yawo. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba.

Hukumomi sun fara ɗaukar abin da zafi. A watan Janairun 2022 hukumar kare bayanan jama'a ta Faransa ta sanar da tarar Yuro miliyan 150 a kan Google da miliyan 60 a kan Facebook, saboda amincewa da a bi sawunka a shafukansu dannawa ɗaya ce, ƙin amincewa kuwa sai ka danna sau da yawa. A watan Yunin 2023 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kai Amazon kotu a kan rajistar Prime, ta ce mai son fita sai ya ratsa shafuka 4 ya yi dannawa 6, kuma a cikin kamfanin ana kiran wannan hanya Iliad, sunan wata doguwar waƙar yaƙi ta tsoffin Girkawa. A watan Satumban 2025 Amazon ya amince ya biya Dala biliyan 2 da rabi a rufe shari'ar, ba tare da ya amsa laifi ba. Apple kuma tun ƙarshen watan Yunin 2022 ya wajabta cewa duk manhajar da ke bari a buɗe asusu a cikinta, dole ta ba da hanyar goge shi daga cikinta. A nan gida, dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ce janye amincewa ya zama da sauƙi kamar yadda bayar da ita yake. Don haka ɗalibin da yake mafarkin sa manhajarsa a kasuwa, ya sani binne maɓallin fita ba wayo ba ne, abu ne da ake cin tara a kansa.

Ga aikin da muke so ku gwada a wannan mako, musamman masu kulob ɗin kwamfuta. Ku buɗe MIT App Inventor, wanda kyauta ne kuma ba sai kun iya rubuta umarni ba, tubala ake jerawa. Ku ɗora rubutu ɗaya a sama da maɓallai biyu a ƙasansa, ku ƙara na uku wanda aikinsa kunna rubutun da kashe shi ta akwatin Visible. Za ku ga duk lokacin da rubutun ya ɓace maɓallan suna tsalle sama, domin a App Inventor cire wannan alama daidai yake da GONE. Daga nan ku sa rubutun a cikin wani akwatin jeri da kuka ƙayyade wa tsayi, ku sake gwadawa. Rubutun zai ɓace, akwatin ya riƙe gurbin, maɓallan su tsaya cak. In kun gama, ku miƙa wayar ga wani a gida da bai ga lokacin da kuke haɗawa ba, Inna ko Baba ko ƙaninku, ku ce ya nemo muku abu ɗaya a ciki. Kada ku nuna masa, kada ku ce uffan, ku dai ƙirga sau nawa ya danna kafin ya samu, ku rubuta inda yatsansa ya fara zuwa. Ku aiko mana da abin da kuka gani tare da sunan makarantarku da ajinku.